Faifan garmaho ko CD?

Ɗan'uwa, ka tambaya wanne ya fi wajen jin kiɗa, faifan garmaho ko CD. In tsabtar sauti kake nema, CD ya fi. Tun da Sony da Philips suka fito da shi a 1982, haske ne ke karanta shi, babu abin da ke gogar fuskarsa, don haka yawan sakawa ba ya rage masa sauti. Garmaho kuwa allura ce ke bin tsagin faifan tana cinsa a hankali, ga ƙura mai kawo ƙaras-ƙaras, ga juya faifai bayan minti 20 da ɗoriya.

Sai dai akwai abin da na lura da shi. Wasu CD, musamman na shekarun 2000, an matse sautinsu a sutudiyo don su yi ƙara, har ganga da murya su cakuɗe, kunne ya gaji da wuri. Abin yana min ciwo, domin waƙa mai kyau ake ɓatawa. Ba a cika yi wa faifan garmaho irin wannan matsin ba, shi ya sa wani lokaci waƙar ta fi daɗi a kansa. Kafin ka saya, saurari waƙar a duka biyun da lasifika ɗaya.