Sawun ƙafa a laka: me ya sa masana suka kasa yarda da shekarunsa?

Tambaya: Malam, na karanta cewa an gano sawun mutane a Amurka da suka haura shekara dubu 20, sai kuma na ji wasu masana sun ce a'a. Ba na'ura ce ke aunawa ba? To daga ina gardamar ta fito?
Daga wata ɗalibar kimiyya

Amsa: 'Yata, sawun da kike nufi suna White Sands ne, a jihar Niyu Meziko, a bakin wani tsohon tafki da ya ƙafe. Yawancinsu na matasa ne da yara, ga kuma sawun giwayen zamanin da a kusa da su. A 2021 aka sanar cewa shekarunsu tsakanin 21,000 ne da 23,000.

Sai dai na'ura ba ta auna sawu. Sawu ai gurbi ne kawai a laka. Abin da aka auna 'ya'yan wata ciyawar ruwa ne da aka tsinta a sama da ƙasan sawun. Duk mai rai yana ɗaukar sinadarin kabon-14, in ya mutu sai sinadarin ya riƙa raguwa, rabinsa na tafiya cikin shekara 5,730. To ita ciyawar ruwa takan sha tsohon kabon da ya narke daga duwatsu, sai awo ya ɗora mata tsufan da ba nata ba. A nan masu suka suka kafe, kuma wallahi suna da hujja.

Masu binciken ba su yi fushi sun nade tabarma ba, sun koma. A 2023 suka tace ƙwayoyin garin fure na itatuwan tudu, kimanin 75,000 a kowane samfur, waɗanda ba ruwansu da kabon ɗin tafki, suka auna. Suka kuma auna yashin wurin, don sanin rabonsa da ganin hasken rana. Duka biyun suka yi daidai da awon farko.

Zafin gardamar yana da tarihi. An daɗe ana koyar da cewa mutanen Kulobis, wasu mafarauta na wajen shekara 13,000 da suka wuce, su suka fara shiga nahiyar Amurka. Monte Berde, wani tsohon mazaunin mutane a ƙasar Chile mai shekara 14,500, wanda ya girmi Kulobis, sai a 1997 aka yarda da shekarunsa.

Ni dai awo uku ta hanyoyi daban-daban sun gamsar da ni. Abin da ya rage yana damuna shi ne tambayar da masu shakka ke yi har yanzu: mutanen da suka yi ta kai-komo a bakin tafkin nan, ina kayan aikinsu na dutse?