Inuwa ta hau kan inuwa a Blender, ina mafita?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina koyon zane mai motsi da manhajar Blender. Kwamfutata ba ta da ƙarfi, shi ya sa na fitar da mutum daban, mota daban, kowanne da inuwarsa. Da na zo haɗawa, sai inda inuwoyin suka haɗu ya yi baƙi ƙirin. Ina gyaran yake?

Amsa: Wa alaikumus salam. Raba aikin da ka yi daidai ne, kada ka daina. Matsalar tana wajen haɗin.

Idan ka shiga inuwar bishiya da tsakar rana, taka inuwar ɓacewa take yi, ba ta ƙara wa ta bishiyar duhu, domin hasken da za ka tare an riga an tare shi. Amma kwamfuta lissafi kawai ta sani. Idan ka ɗora inuwoyin da Multiply, wato salon haɗa hotuna ta lissafin sau, ta farko ta rage hasken ƙasa zuwa rabi, ta biyu kuma ta sake raba abin da ya saura, sai a tashi da kwata. Wannan shi ne baƙin da kake gani.

Shawarata, ka tara inuwoyin duka a wuri guda. Buɗe sabon View Layer, wato leyar da ake fitarwa daban, na inuwa kaɗai. Zaɓi ƙasar, ka kunna mata Shadow Catcher, wanda ke sa ta kama inuwa kawai, sannan ka sa tarin (Collection) mutumin da na motar a kan Indirect Only. Ba za su fito a hoton ba, amma inuwarsu za ta faɗi, kuma Cycles, injin fitar da hoto na Blender, zai lissafa ta sau ɗaya. Kada ka manta da kunna Transparent a ƙarƙashin sashen Film, don bayan hoton ya zama babu komai. A leyar mutumin kuwa, cire ƙasar gaba ɗaya, ka bar motar a Indirect Only don inuwarta ta taɓa jikinsa idan ya matso. Tun daga Blender 3.0 na 2021 aka inganta Shadow Catcher sosai, idan naka tsoho ne ka sabunta.

In ba ka da halin sake fitar da hotunan, haɗa inuwoyin biyu da salon Darken tukuna, sannan ka ɗora sakamakon a kan ƙasa. Darken yana ɗaukar wadda ta fi duhu ne kawai. Zai fitar da kai kunya, sai dai yakan bar ɗan layi inda gefen inuwa yake da laushi.

Amma ka duba fitilunka kafin ka taɓa komai. Idan biyu ne, wurin da hasken duka biyun bai kai ba dole ya fi duhu, wannan kam ka bar shi yadda yake.