Tambayi Likita: Yadda Ƙwaƙwalwa Ke Ginuwa Tun Daga Ciki

Wani ɗalibi daga Ngaundere: Likita, malaminmu ya ce ƙwayoyin ƙwaƙwalwa duk tushensu ɗaya. To yaya aikinsu ya bambanta?

Ɗana, malaminku ya faɗi gaskiya. A jikin ɗan tayi akwai ƙwayoyin asali da ba su kama kowane aiki ba tukuna, maƙwabtansu ne ke aiko musu umarni ta sinadarai. Wadda ta fara zama niyuron, wato mai ɗaukar saƙo, sai ta taɓa ta gefenta ta wata kafa da ake kira Notch, ta sa ta dakata. Kamar manomin da ba ya cinye irin shukarsa ne. Niyuron ake fara yi. Can gaba wasu saƙonnin su iso, ragowar su koma giliya: wasu su ciyar da niyuron, wasu su naɗe jijiya da kitse don saƙo ya yi gudu. Babban mutum na da niyuron kusan biliyan 86.

Wata baiwar Allah daga Marwa: Ina da farfaɗiya, ina shan Depakine, kuma muna neman haihuwa.

'Yar'uwa, na ji daɗi da kika tambaya tun kafin cikin ya shiga. Bututun da zai zama ƙwaƙwalwa da lakar baya yana rufewa ne wajen kwana 28 da shigar ciki, lokacin da mata da yawa ke cewa al'ada ce kawai ta yi jinkiri. In bai rufe ba, a haifi jariri da ƙullutu ko buɗaɗɗen wuri a gadon baya, sau da yawa ƙafafun ba ƙarfi. Depakine na ƙara wannan haɗari ƙwarai. Amma don Allah kada ki daina sha da kanki, faɗuwa na iya cutar da ke da cikin. Ki koma wurin likitanki ya duba sauya magani, ya rubuta miki folik asid, wato bitamin da ke taimaka wa bututun ya rufe. Yawancin mata maikirogiram 400 ke isarsu kullum, ke mai yiwuwa ya ƙara miki. Abin da ke damuna, mu nan sai ciki ya fito ake zuwa awo, alhali wannan aikin ya daɗe da wucewa.

Wani bawan Allah daga Garwa: Mahaifina ya samu shanyewar ɓarin jiki. An ce a waje ana allurar ƙwayoyin asali.

Allah Ya ba Baba lafiya. Malam, kada ku sayar da gona kan wannan, har yanzu a matakin gwaji yake. Niyuron da suka mutu ba sa dawowa, amma na raye na ƙulla sababbin hanyoyi in ana motsa su, musamman a watannin farko. Ku dage da gashi da motsa hannun da ƙafar kullum, a riƙa auna hawan jininsa, ya sha maganinsa ba fashi.