Filin Gyaran Gida: Zaman Larabawa, Farin Bango da Ƙurar Sakkwato

Tambaya: Assalamu alaikum. Falona ƙafa 12 ne da 15, ina son in fitar da kujerun kushin in mai da shi zaman ƙasa irin na Larabawa. Ta ina zan fara? Daga wata uwargida a Mabera.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ki fara da awo kafin ki taka kasuwa. Falonki ya kai mita 3.6 da 4.5, kuma faɗin kowace katifar zama bai kamata ya gaza santimita 70 ba. In kin jera su a bango uku, mita 2.2 kawai za ta rage a tsakiya, ga ƙofa, ga wurin shimfiɗa abinci. Bango biyu ya wadatar, dogon da gajeren, wato katifu masu tsawon mita bakwai da ɗoriya.

Kada a ɗora soso a kan tayil kai tsaye. Ki sa kafinta ya yi masa ɗan gado na katako mai tsayin santimita 15, a shafa masa maganin gara, sannan a aza soso mai kaurin santimita 15 zuwa 20. Da haka dattawa masu ciwon gwiwa za su tashi ba wahala, tsintsiya kuma ta shiga ƙarƙashi. A wajen soso ne masu ɗinki ke rage kuɗi. Ki danna shi da tafin hannu: in ya nutse har kin ji katako, ko ya daɗe bai dawo ba, zai lotsa kafin shekara ta zagayo. Matashin jingina ya kai santimita 45 zuwa 50, kuma a jingina shi da katako, don gumi da man kai suna ɓata fenti.

Sai yadi. Karan-miski yana da kyau a hoto, amma yana riƙe zafi, kuma daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu ce za ta zauna a cikinsa. Ki nemi yadi mai kauri da auduga a ciki, a yi wa kowace riga zif domin a cire a wanke. Kafet ma kada a manne shi da gam daga bango zuwa bango. Babbar darduma wadda yara biyu za su naɗe su fitar a kakkaɓe ta fi. Launi uku ya isa: bango mai haske ya ci kusan kashi 60, katifu da labule kashi 30, ruwan zinariya ko jan garura a filalla kashi 10. In zinariya ta wuce haka, falo ya zama zauren biki.

Tambaya: Ina son salon nan na zamani mai farin bango da kaya kaɗan, da silin fi-o-fi, wato silin farar filasta mai ado. Amma fentin da na yi bara ya kumbura yana zuba daga ƙasa. Ina matsalar take? Daga wani magidanci a Arkilla.

Amsa: Malam, ba fentin ke da laifi ba, danshi ne. Ko dai an yi fenti filasta ba ta bushe ba, alhali sabuwar filasta tana son kamar mako huɗu, ko kuma ruwa na hawowa daga ƙasa da damina, yana fito da wani farin gari mai kama da kanwa wanda ke ture fenti. Ka duba bayan bangon, watakila indararo ko famfo na zuba a gindinsa. A gyara wannan tukun. Daga nan a kankare wurin har filasta, a bar shi ya bushe, a shafa fentin share fage mai hana danshi, sannan a yi shafe biyu, da tazarar aƙalla awa huɗu. Ɗaki ƙafa 12 da 12 yana cin kimanin lita 8, galan biyu ke nan, in fentin mai kyau ne kuma ba a cika masa ruwa ba.

Fari fat ba ya jimawa a garin nan, jar ƙasa ke rina shi. Ruwan madara ko ruwan toka mai haske sun fi rufa asiri, kuma a zaɓi mai ɗan sheƙi wanda ake gogewa da jiƙaƙƙen tsumma. Silin kuwa, a tabbatar kwano ba ya yoyo kafin a fara, in ba haka ba zai yi taswirar ruwan ɗorawa ya tsage. Ƙugiyar fanka a ɗaure ta a katakon rufi ko a jikin kankaren siminti, fi-o-fi ba ya ɗaukar nauyi, kuma fukafukanta su yi nisan aƙalla mita 2.3 daga ƙasa. Salon nan yana son kabad mai murfi, domin kowane buɗaɗɗen kanta aikin shara ne kullum.

Tambaya: Bikina ya matso. Ina son ɗakina ya nuna gargajiya ba tare da ya zama na kakanni ba. Daga wata amarya a Runjin Sambo.

Amsa: Allah ya sanya alheri, amarya. Ki ware bango ɗaya kawai. Ki jera faifai biyar ko bakwai masu girma daban-daban, ko a zana dagi da launi ɗaya. A ƙasa ki ajiye tumtum biyu na fata, tunda jar akuyar Sakkwato ta yi suna a duniya saboda fatarta. Ki nisanta su da taga, rana na busar da fata ta tsattsage. Labule kuma faɗinsa ya ninka na taga sau biyu, a kafa ƙarfensa santimita 15 sama da taga, bakinsa ya tsaya yatsa ɗaya kafin ƙasa don kada ya riƙa sharar tayil.