Gungumen maɗaci ba ya jiran hunturun Kano

Tambaya: Assalamu alaikum. Mun sare maɗaci biyu a gonarmu ta gado, an kawo mini gumaguman gida a Ɗorayi. Mai injin tsaga katako ya ce sai bayan wata biyu. Yaya zan ajiye su kada su lalace?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kafin ka gama karanta wannan, aiki yaro ya sayo fenti mai mai. Yau ɗin nan, ba gobe ba.

Ɗanyen ice ta bakinsa yake zubar da ruwa, wato inda zarto ya ci, kuma saurin fitarsa ta nan ya ninka na jiki kamar sau 10. Iskar hunturu kuwa, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, yadda take fasa maka leɓe da kaushi haka take yi wa ice. Baki ya bushe ya tsuke, ciki na nan jiƙe, sai ka ga tsaga ta fito daga tsakiya kamar an yanka kankana. Da farko ƙumba ma ba ta shiga. Bayan mako biyu sai ka zura yatsa, tsagar ta yi nisa ciki, katakon ƙofa ya koma na kujerar tsuguno.

Ka shafe baki biyun da fentin, ka bari ya sha iska, ka ƙara shafi na biyu mai kauri. Narkakken kyandir ma yana yi. Wasu baƙin mai suke labtawa; ni ba na so, yana shiga jikin ice ya ɓata jan launin da ake sayen maɗaci dominsa. Duk inda aka datse reshe, nan ma a shafa.

Kada gungume ya kwana a ƙasa, gara ba ta da hutu. Ɗora su kan bulo, a inuwa, ka yi musu rumfar zana. Amma kada ka naɗe su da leda, zufa za su yi su yi fumfuna. Ɓawon ka bar shi tunda rani ne. Da damina ce sai in ce ka ɓare, don ƙwari a ƙarƙashinsa suke ƙwai.

Wata biyun nan kuma ya yi yawa. Ice ba ya bushewa da kyau yana gungume, sai an tsaga an jera da 'yan sanduna a tsakani. Ka leƙa 'Yan Katako a Na'ibawa ka tambayi wani mai injin.