Amsa ga Alhaji kan ɗan abokinsa ɗan Chana da zai zo karatu Birmingham

Wa'alaikumussalam Alhaji. Na ga ka ce ɗan abokin kasuwancinka na Guangzhou zai zo mastas Birmingham, uban yana tambayar yadda yaron zai riƙa cefane kuɗi ba su zurare ba. To ni shekara biyu na yi a Selly Oak, unguwar ɗalibai da ke kusa da Jami'ar Birmingham, kicin ɗaya da 'yan Chana uku, na ga yadda fam ke narkewa a hannunsu.

Abin da ya fi cinye musu kuɗi kewar abincin gida ce wallahi. Satin farko yaro zai faɗa shagon 'yan Chana na kusa da makaranta ya kwashi komai a can, har ƙwai da albasa, don kawai ya ga rubutun yarensu a jiki, alhali ƙwan nan kajin Ingila ne suka saka shi. Ka ce masa ya raba cefanen biyu. Abin da sai a wajensu ake samu, irin baƙin ruwan waken suya ɗin nan, da yajin Lao Gan Ma, da ƙwayoyin yajin Sichuan masu sa harshe ya mutu, ya bari sai wata-wata su haɗu su huɗu su ɗau tasi ɗaya zuwa Wing Yip a Nechells, babban wajen sari ne, su ɗauko har buhun shinkafa mai kilo 10 su raba. Amma madara, ƙwai, mai, kaza, dankali, wannan kantuna masu araha irin Aldi ko Lidl ne, kuma akwai Aldi nan kan Bristol Road, in a Selly Oak zai zauna da ƙafa ma zai je.

Ganye kuwa kasuwar Bullring. Akwai masu tebur da ke zuba kaya a roba, a lokacinmu roba fam 1, tumatir ne ko tattasai ko citta, kana nunawa a juye maka a leda kamar kana 'Yankaba. Wani ɗan Sichuan da muke tare da shi da farko ƙyamar wajen yake yi wai hayaniya, ranar da na ja shi ya dawo da leda huɗu cike ya tsaya yana lissafi a waya yana maida kuɗin zuwa yuwan, kuɗin ƙasarsu, yana girgiza kai, daga ranar duk Asabar shi ke buga min ƙofa. Ni na kai shi mahautan 'yan Pakistan na Coventry Road ma, can ake samun ƙashi da kayan ciki da araha, 'yan Chana kuma ka san ba sa wasa da romo.

Kada ya duba farashin da aka rubuta da manyan lambobi kawai, a ƙasa akwai ƙaramin rubutu na kuɗin kilo ko giram 100, shi ne gaskiyar magana. Ya buɗe Clubcard, katin rangwame na kantin Tesco, kyauta ne. Da yamma ana manna wa kayan da ranarsu ta kusa takarda ruwan ɗorawa a karya kuɗin, ya saya ya jefa firiza. Ranar Lahadi manyan kantuna awa 6 kawai suke buɗewa, in ya makara sai ƙananan shaguna masu tsada.

Kayan ɗaki kuma don Allah kada ya sayi sabo. Ɗaya daga cikin 'yan Chanan da na zauna da su ranar da ya sauka ya shiga wani babban kanti ya sayi bargo da tukwane da fitila duk sababbi, bayan kwana uku ya ga irinsu a guruf ɗinsu na WeChat, manhajar hirar 'yan Chana, ana neman kai da su, saboda masu gama mastas suna tattarawa wajen Agusta zuwa Satumba, daidai lokacin da sababbi ke sauka. Gwanjo ne mai kyau, tukunyar shinkafa ta lantarki ma nan zai samu. In ya taho da tasa daga gida za ta yi aiki, sai dai filoginsu ba ya shiga soket ɗin Ingila mai ƙafa uku irin namu na Najeriya, ya taho da adafta. Rigar sanyi ya leƙa shagunan gwanjo na ƙungiyoyin agaji irin Oxfam ko ya je Primark, kantin tufafi masu araha.

Ya yi katin jirgin ƙasa na 16-25 Railcard, kashi ɗaya cikin uku ake cire masa, ya yi rajistar UNiDAYS, manhajar rangwamen ɗalibai, da imel ɗin makaranta. Ɗalibi mai cikakken karatu ba ya biyan harajin gida na kansil, amma sai ya karɓi takarda a makaranta ya tura musu.

Sai odar abinci ta waya, nan ne ramin. Dare ɗaya da kuɗin kawowa ya kai cefanen kwana uku, kuma lokacin jarabawa kullum sai ka ji mai keke a bakin ƙofa. Su dafa da yawa ranar Lahadi su zuba a robobi.

Af, ka gaya wa uwar kada ta cusa masa busasshen nama ko tsiran alade a akwati, doka ta hana shigo da nama da kayan madara daga Chana, in aka gani a filin jirgi ƙwacewa za a yi. Ganyen shayi dai ta zuba masa iya son ranta.