Amsar Gwaggo daga New York kan darussan sakandare

Ɗana Sadiƙu, assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da mamanka da ƙannenka. Saƙonka ya iso, na karanta shi sau biyu. Ka ce tunda ka gama aji uku na ƙaramar sakandare, kuma kimiyya ka zaɓa, idan ka zo wurin babanka a nan New York kana so ka ajiye tarihi da darasin gwamnati ka duƙufa kan kwamfuta, kuma kana tambaya ko akwai makarantar da za ta yarda da haka.

Babu, ɗana. Rabon nan da muka saba da shi a gida, wannan ɗan kimiyya, wancan ɗan adabi, wancan ɗan kasuwanci, ba a yin sa a nan. Sakandare shekara huɗu ce, daga aji 9 zuwa aji 12, kuma a makarantun gwamnati na birnin nan sai ka tara kiredit 44, wato makin da ake ƙirga maka duk lokacin da ka ci wani darasi a zangon karatu, kafin a ba ka takardar gamawa. Takwas daga ciki na darussan zamantakewa ne, daidai da na Turanci, sun ma fi na lissafi yawa, shi shida ne. Shekara biyu za ka yi kana tarihin duniya da labarin ƙasa, shekara ɗaya tarihin Amurka, sannan a ajin ƙarshe rabin shekara na gwamnati, rabi na tattalin arziki. Ko likita za ka zama, ko injiniya, sai ka bi ta nan.

Kada ranka ya ɓaci. A aji 9 za ka gamu da abin da ka sani tun daga gida: daular Mali da Songhai, hajjin Mansa Musa na 1324, ayarin raƙuma masu ratsa Sahara da gishiri da zinariya. Ranar da aka zo wurin, kai ne za ka iya gaya wa 'yan ajin cewa Kano na cikin garuruwan da ayarin ke sauka, kuma kasuwar Kurmi tana nan har yau. Ɗaga hannu ka faɗa. Malaman nan suna ba da maki kan magana a aji, kuma yaron da ya sunkuyar da kai don ladabi, kamar yadda aka tarbiyyantar da mu, sai su ɗauka bai gane ba ne.

Inda yaranmu ke tuntuɓe shi ne rubutu. Jarrabawar jiha da ake kira Regents awa uku ce, ana cin ta da maki 65, kuma ta tarihin duniya tana ɗaukar daga 1750 zuwa yau. Ba a tambayar ka shekarar da aka yi kaza kawai. Takardu biyar za a ajiye maka, wata taswira, wata guntun jawabi, wata zanen jarida, a ce ka tsamo matsala ɗaya da ta daɗe tana damun 'yan Adam, ka kafa hujja da abin da ke cikin takardun. Yayarka ta zo nan da kai mai kyau, hadda kamar ruwa, amma rubutunta na farko malami ya dawo mata da shi ya ce bai ga ra'ayinta a ciki ba. Ta yi kuka a gabana. Wata uku muka yi kowane dare tana rubuta shafi ɗaya kan wani labari, ina tambayar ta, to ke me kika gani, kuma me ya sa? Fara wannan tun yanzu, kafin ka hau jirgi.

Yanzu ga abin da zuciyarka ke so. Cikin kiredit 44 ɗin nan, bakwai naka ne, ka zuba su inda ka ga dama, kuma nan kwamfuta ke shiga. Akwai darussan da ake kira AP, na matakin jami'a ne amma a sakandare ake yin su, a rubuta jarrabawarsu a watan Mayu, maki daga 1 zuwa 5. Jami'o'i da yawa suna ƙirga maka su idan ka ci 3 ko fiye, ka ga an rage wa babanka kuɗin makaranta. Na kwamfuta iri biyu ne: ɗaya na gabatarwa, ɗaya na rubuta manhaja da yaren Java. Ba kowace makaranta ke koyar da su ba, don haka tambayar farko ke nan da za ku yi.

Akwai kuma tsarin sana'a da fasaha, CTE. A nan ni kaina na yi kuskure shekarun baya. Da aka yi mini maganarsa sai na tuna yadda a gida ake kallon makarantar koyon sana'a kamar wurin wanda boko ya ƙi, na hana ɗana shiga, har yau yana tuna mini. Ba haka abin yake ba. Duk darussan da na lissafa maka sai an yi su, sana'ar ƙari ce a kai. Makarantar Aviation da ke Queens tana koyar da gyaran jirgin sama, har ɗalibi ya zauna jarrabawar lasisin hukumar jiragen sama ta ƙasa. P-TECH da ke Brooklyn, wadda aka buɗe a 2011 tare da kamfanin kwamfuta na IBM da jami'ar birnin New York, shekara shida ake yi, a fito da takardar sakandare da ƙaramin digiri na shekara biyu a fannin kwamfuta, ba a biya ko sisi ba. Sai dai irin waɗannan makarantu kujerunsu na cika da wuri, domin yaran nan tun suna aji 8 suke nema.

Kai da za ka zo daga waje, cibiyar karɓar iyalai ta hukumar makarantu za ku je da babanka, su ne ke nema wa sabon zuwa gurbi. Ka gaya musu da bakinka cewa kwamfuta kake so, kada ka karɓi duk abin da aka miƙo don kunya. Bayan an ba ka makaranta, ku nemi malamar ba da shawara a makon farko, ita ce ke tsara darussan kowane ɗalibi, ku roƙi ta nuna muku jadawalin shekara huɗun gaba ɗaya.

Ka zo da sakamakonka na aji ɗaya zuwa uku, na asali mai hatimin makaranta, da takardar haihuwa da katin rigakafi. A Satumba ake komawa makaranta, idan da hali ku iso cikin Agusta. Ka gaida mamanka, ka ce mata in da wuri a jakarka ta saka mini daddawa da kuka.

Gwaggonka.